Bijimai Sha Huɗu na Arlo Ness

Ranar Alhamis da safe Arlo Ness ya kira ni a waya, ina tsaka da neman safata ɗaya a ƙarƙashin gado, ya ce an sace masa bijimai.

"Guda nawa?" na ce.

"Duka, Merle. Na makarantar nan. Sha huɗu."

Na zauna a bakin gadon da safa ɗaya a ƙafa. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina aikin duba tambarin shanu a gundumarmu da ke arewacin Montana, ina kuma bin sawun waɗanda suka ɓata. Yawancin abin da ake kira sata da sassafe, kafin azahar za ka tarar saniya ce ta gaji da mai ita ta tsallaka wurin maƙwabci. Amma waɗannan sha huɗun ba na Arlo ba ne shi kaɗai. Garin Varden kaf ya san su, har yara sun raɗa wa wasu suna.

Opal Lindqvist, shugabar masu girki a makarantarmu, ita ta jawo wannan. Shekara shida ta yi tana zuwa zaman majalisar gunduma da jakar saƙarta, tana zama a kujerar gaba, har kansilolin uku suka gaji da ganinta. Abin da take nema ɗaya ne: duk naman da za a saya da kuɗin gwamnati don makaranta da asibiti da gidan tsofaffi, ya zama na shanun da aka haifa aka kuma yi kiwonsu a cikin gundumar, a yanka su a mayankar Lupe Barrera da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Kafin nan wani kamfani ne daga nesa ke kawo daskararren nama a kwali, mu kuwa muna kewaye da shanu sun fi mu yawa sau ashirin. Aka amince da dokar da ƙuri'a biyu a kan ɗaya, gwajin shekara guda. Arlo ya ci kwangilar farko, ni kuma na sa hannu a takardar shaida cewa bijimansa haihuwar gida ne.

Ranar Litinin likitan dabbobi zai duba su a kai su mayanka. Ranar Talata majalisa za ta zauna ta ce a ci gaba ko a koma wa kwali. In babu bijimai babu doka, in babu doka Lupe zai sallami ma'aikatansa tara ya rufe. Na nemo safar na fita.

*

Da na isa makiyayar Arlo ta yamma na tarar da motoci a-kori-kura bakwai sun riga ni, an jera su daidai a kan inda ya kamata na duba. A garinmu in aka yi ɓarna kowa yakan zo ya taimaka, taimakon kuma yakan fara da tattake sawu.

Wayoyin shingen huɗu suna kwance a ƙasa, tsawon dirka uku. Arlo na tsaye gefe, malafarsa a hannu. Tun muna aji ɗaya na san shi, ni na riƙe masa zobe ranar aurensa, ni kuma na ɗauki gaban akwatin gawar matarsa shekara huɗu da suka wuce. Ya rame ƙwarai, ban san yaushe hakan ta faru ba.

"Yaushe ka yi musu ganin ƙarshe?"

"Jiya da hantsi. Na ba su dusa."

"Shanun mata fa? Ba nan suke kiwo tare ba?"

"Na mayar da su makiyayar kudu ranar Talata. Ciyawar nan ta yi ƙasa."

Wani daga bayana ya ce an ga tirelar Darlene Kuntz tsaye a bakin titin tsakuwa jiya da la'asar, ƙasa da mil guda daga nan. Wani ya ce ai dama tun da ta faɗi a neman kwangilar ba ta gaisawa da Arlo. Na uku ya ce a'a, a nemi mutumin kamfanin kwali, kwana uku ke nan yana gari. Kafin na gama zagaya dirka ɗaya sun riga sun yanke hukunci biyu.

Na tsuguna na dubi sawun taya ɗaya da ya tsira. Bai amfane ni da komai ba. Tun da Opal ta fara wa'azin sayen na gida kowa ya koma sayen taya a shago ɗaya na cikin gari, mai shagon kuwa iri ɗaya yake kawowa. Motata ma sawunta ke nan.

*

Darlene Kuntz na ɗora buhunan dusa a bayan mota lokacin da na shiga gidanta. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ita kaɗai ke riƙe da gonar ubanta tun da ƙannenta maza suka gudu birni. Ba ta daina aikin ba.

"Ka makara, Merle. Tun ƙarfe takwas aka kira ni aka shaida min ni ce ɓarauniyar."

"An ga tirelarki a bakin titi."

"An gan ta. Bijimina na kai wa likita, taya ta yi faci a hanyar dawowa. Awa guda ina fama da ita, motoci huɗu suka wuce ni. Babu wanda ya tsaya, amma ka ga kowa ya gan ni."

"Tirelar na ɗaukar nawa?"

"Takwas, in sun yi azumi. Ka je ka leƙa, ka shinshina ma in kana so."

Na leƙa. Kashin sa ɗaya ne a ciki.

"Ba na son Arlo," ta ce, "ba kuma zan fara sonsa yau ba. Amma ina da maruƙa goma sha tara da na ƙi sayarwa bara saboda ina sa ran kwangilar baɗi. In dokar nan ta mutu, wa zan sayar wa? Kai ma ka yi tunani mana, da wannan furfurar taka."

Ta shiga motar ta ce in ina da sauran tambaya na biyo ta, shanu ba sa jiran hukuma. Na bi ta a tawa har bakin makiyaya. Da na hango garken can kan tudu sai na danna hon don na taya ta kira. Ko ɗaya bai ɗago kai ba. Ita kuwa ta kunna wata tsohuwar jiniya da ta ɗaure a rufin motarta, nan take suka gangaro a guje kamar yaran da aka tashi daga makaranta.

"Ka manta aikin ne?" ta ce ta taga. "Kowane garke da muryar da ya sani."

Ban manta ba. Na dai daɗe ban yi tunaninsa ba.

*

Dwayne Pruitt, wakilin kamfanin kwali, yana zaune shi kaɗai a shagon gahawa, teburan da ke kusa da shi duk babu kowa. Takalmansa masu tsabta ne, a nan kuwa wannan kaɗai ya isa a ƙi mutum. Na ja kujera na zauna.

"Mista Tofte," ya ce, "na san abin da ya kawo ka. Motata ƙarama ce, ko akuya ba za ta ɗauka ba."

"Kana da waya. Mai waya yana da tirela."

Ya yi dariyar gajiya ya ture farantin ƙwai da dankalinsa gefe. "Ka san me ya sa likita zai zo ranar Litinin? Ni na rubuta wa majalisa na ce a duba kunnen kowane sa kafin a yanka. Da babu wannan a tsarinku, sa hannunka kaɗai ya isa. To me zai sa na sace abin da ni nake roƙo a duba?"

"Me ka ji game da shanun Arlo?"

"Komai ban ji ba. Ban ma san shi ba. Duk gundumar da ta kafa irin dokar nan wasiƙa iri ɗaya nake aikawa, sunan gari kawai nake canzawa. Wani lokaci a tarar da wani abu, wani lokaci ba a tarar ba. Aikina ke nan, ni ma ina da yara."

Na so na tsane shi yadda sauran gari suka tsane shi, da ya fi min sauƙi. Na biya kuɗin gahawata na tashi.

*

Lupe Barrera na wasa wuƙaƙe a mayankar da babu abin yankawa a cikinta. Ya wanke daɓen har yana ƙyalli, ya sayo sabbin ƙugiyoyi, ya dawo da mutum biyu da suka tafi aikin rijiyar mai. Opal na zaune a kan wani bokiti da aka kife, jakar saƙarta a cinya, ba ta saƙar.

"Ka same su?" ta ce.

"Tukuna."

"Ina da yara ɗari biyu da na faɗa wa ranar Juma'a mai zuwa za su ci naman garinsu. Sun yi zane-zane sun manna a bango, Merle. Shanu masu ƙafa biyar."

"Zan same su, Opal."

"Kafin Talata."

Ta tashi ta fita. Lupe ya bari sai da ƙarar motarta ta yi nisa.

"Mista Tofte, wataƙila ba komai ba ne. Ranar Litinin da ta wuce Mista Ness ya zo nan, ya tambaye ni ko in na yanka zan iya mayar masa da kawunan duka sha huɗu. Na ce me za ka yi da su, miya? Bai yi dariya ba. Sai na ce masa ai likita ma zai duba kunnuwansu tun suna tsaye, wasiƙa ta zo. Ya ce to, ya tafi. Ko malafarsa ya manta a kan teburin can, sai da na bi shi da ita."

Na ce masa lallai ba komai ba ne. Na fita na zauna a mota na daɗe ban tayar da ita ba.

*

Ranar Juma'a na koma bakin shingen ni kaɗai da doki a tirela, tun rana ba ta yi tsawo ba, lokacin da kowane sawu ke da inuwa. Na fara da abin da taron jiya ya hana ni dubawa.

Ba a yanke wayar ba. Ɓarawo yakan sa almakashi a tsakiya ya bar ta ta nannaɗe, ba ruwansa. Wannan kuwa ya bi dirka uku ɗaya bayan ɗaya ya zare ƙusoshin da ke riƙe da wayar, ya kwantar da ita a ƙasa a hankali, ya danne ta da duwatsu don kada ta yanki ƙafar sa. Na ɗaga kai na dubi saman dirkar tsakiya. A cikin tsagar katakon an jera ƙusoshin, sha biyu cif, ko ɗaya bai lanƙwashe ba.

Na wuce inda motoci suka tattake na kama sawun a gaba. Taya na ƙasa, kofato na bisanta, wato mota ce a gaba shanu na biye. Babu sawun doki, babu na kare, babu na babur. Babu inda sa ɗaya ya ɓalle aka koro shi. Sun tafi a jere da sassarfa, irin tafiyar dabbar da ke jin ƙanshin abinci.

A bakin titin tsakuwa, inda kowa ya ce an loda su, ba su ko tsaya ba. Sun tsallaka sun shiga fako mai duwatsu inda sawu ba ya kamawa. Daga nan sai bin kashi da karyayyar ciyawa da ɗan dunƙulen dusa da ya faɗo nan da can. Mil shida na yi a haka, ina sauka ina hawa, ina zagin dokin da shekaruna. Na san inda za mu tun a mil na uku, amma na ci gaba da bin sawun kamar zai canza ra'ayi.

A cikin kwarin da ke gangarawa kogi akwai kangon wani gida da masu shi suka bari tun kafin a haife ni, da famfon da iska ke juyawa wanda har yanzu ke ɗigo da ruwa, da tsohon garken katako. An gyara ƙyauren garken da sabuwar waya. Bijimai sha huɗu na tsaye a ciki, cikinsu a cike, suna kallona.

Akwai sauran dusa a wani bokiti. Na girgiza shi, wani jan sa mai farin goshi ya matso ya zura kai. Na kama kunnensa na dama na juya shi na goge dauɗar da babban yatsa. Koren tambarin da ake yi wa shanun da aka shigo da su daga ƙetaren iyakar ƙasa yana nan raɗau. Na duba na biyu, na duba na uku, ban ga amfanin duba na huɗu ba.

Na zauna a kan kwamin ruwa. Na tuna ranar da na sa hannu a takardar nan, watan Afrilu, iska na kaɗawa kamar za ta ɗauke ƙofar mota. Arlo ya zo da gahawa a fulas. Muka zauna a cikin motarsa ya nuna min su ta gilashi, na ga tambarinsa a cinyoyinsu, na ƙirga sha huɗu, na ɗora takardar a gwiwa na sa hannu. Ban sauka ba. A garin da ka san kakan kowa, leƙa kunnen san mutum zagi ne, kuma ni ban taɓa zagin Arlo ba. Kunya ta kama ni a wurin nan ni kaɗai, har na ji ba na son dokin ma ya dube ni.

Zan iya rufe ƙyauren na koma gida na ce sawu ya ɓace a fako. Babu wanda zai musa min, ni ne mai bin sawun. Darlene kuwa ta ci gaba da shiga coci ana matsawa daga bencinta har ƙarshen ranta.

*

Ranar Asabar da hantsi na tara su a bakin kwarin. Na ce kowa ya zo da motar da yake ba dabba abinci da ita: Darlene, da Lupe, da Pruitt da 'yar motarsa, da Arlo. Opal ta zo ba tare da an gayyace ta ba, ɗan sandan gunduma ya zo da littafinsa, wasu motoci biyar kuma suka biyo baya don taimako. Tun da safe na buɗe wa bijiman ƙyaure, suna can ƙasa suna kiwo, nisan kiran mutum da ƙarfi.

"Ga su can," na ce. "Sha huɗu, lafiyarsu ƙalau."

Opal ta dafe ƙirji. Lupe ya cire hula ya mayar.

"Ba kora su aka yi ba," na ce. "Babu doki, babu kare. Mota suka biyo mil shida da ƙafarsu. Kun san abin da ke sa sa ya bi mota. Darlene, fara."

Ta kunna jiniyarta. Sa ɗaya ya ɗago ya dube mu ya koma cin ciyawa. Lupe ya danna nasa hon, Pruitt ya danna nasa mai siririyar murya har wani ya yi dariya. Na danna nawa don kada a ce na ware kaina. Bijiman ba su motsa ba.

Arlo bai fito daga motarsa ba tun da ya zo. Na taka na jingina da tagarsa, na ba sauran baya.

"Saura kai."

"Nawa ne, Merle. Dole su amsa min. Me wannan zai nuna?"

"Zai nuna ba sa amsa wa kowa sai kai."

Ya dubi sitiyari. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ka duba kunnen?"

"Na duba."

"Guguwar ƙanƙarar nan ta shekara biyu da suka wuce, ka tuna? Na ce muku maruƙa shida na rasa. Talatin da ɗaya ne. Na riga na yi wa Opal alkawari a gaban majalisa, ba kuma wanda ya yarda ya riƙe maruƙa shekara biyu sai ni. In na janye dokar ta mutu tun ba a haife ta ba. Na je kasuwar wata gunduma na sayo waɗannan. Mil talatin arewa da nan aka haife su, Merle. Ciyawa ɗaya ce, iska ɗaya. Wata ashirin suna cin tawa."

"Da ka ɓoye su, sai me? Ranar Talata fa?"

"Ban kai Talata a tunanina ba. Litinin kawai nake gudu." Ya ɗago ya dube ni. "Sa hannunka na kan takardar nan."

"Na sani."

"Saura wata takwas ka yi ritaya da mutuncinka."

"Na sani, Arlo."

Na zura hannu ta taga na danna hon ɗin. Wata shaƙaƙƙiyar murya gare shi, kamar tsoho mai mura. Kawuna sha huɗu suka ɗago a tare, suka hauro kwarin a guje, suka kewaye motar suna tura hanci a bayanta.

Darlene ce ta fara magana, kuma abin da ta faɗa ya ba ni mamaki. "Wannan bai isa ba. Kowa a nan a mota yake barin makulli. Ni ma zan iya ɗaukar motarsa."

"Za ki iya," na ce. Na ciro ƙusoshin daga aljihu na buɗe tafin hannuna. "Amma da kin zare waɗannan, za ki jera masa su a kan dirka? Za ki kwashe masa shanun mata kwana ɗaya kafin nan don kada su fita titi? Wanda ya kwantar da shingen nan ya san shi zai dawo ya tayar da shi."

Daga nan Arlo ya buɗe ƙofa ya sauko, ya tsaya a tsakiyar bijimansa.

"Ni ne," ya ce. "Darlene, ki yafe ni."

"Ba yau ba," ta ce.

Opal ta matso. "Don me, Arlo? Naka ne. Jibi za a biya ka."

Ya dube ni, ya bar min zaɓi. Na kama kunnen jan san nan na juya shi na kira ta ta gani. Ta sa tabarau ta duba ta daɗe. Pruitt ya leƙo ta kafaɗarta, sannan ya koma motarsa bai ce komai ba, na kuma gode masa a raina.

"Amma akwai takarda," Opal ta ce. "Na riƙe ta a hannuna. Na karanta ta a gaban majalisa."

"Ni na sa hannu."

"Ka duba su?"

"Na gan su."

"Daga ina ka gan su, Merle?"

"Daga cikin mota."

Ɗan sandan ya tambaye ni ko ya rubuta wannan ma. Na ce ya rubuta.

*

Ranar Talata majalisa ta zauna minti ashirin. Darlene ta tashi ta ce tana da maruƙa goma sha tara, haihuwar gonarta, a ba ta zuwa baɗi, kowa ya zo ya leƙa kunnensu har da nata. Kansilan da ya ba dokar rinjaye bara ya ce ba zai iya sake tsayawa a kan shaidar da ba shaida ba. Biyu a kan ɗaya, wannan karon ta ɗaya gefen. Lupe ya riƙe mutum biyu don feɗe naman da mafarauta ke kawowa, ya sallami bakwai. Ni na miƙa takardar ajiye aiki ranar Laraba, ba wanda ya ce na sake tunani.

Ranar Juma'a na je bayan makaranta. Ban san abin da zan ce ba, na dai san ba zan iya zama a gari ɗaya da Opal ina kauce mata a shago ba. Motar kamfanin ta sauke kaya ta tafi, kwalaye na jibge a bakin ƙofar kicin suna hayaƙin sanyi. Tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya.

"Opal, na zo ne na ce..."

"Riƙe wannan."

Ta ɗora min kwali a hannu, mai nauyi, sanyinsa na ratsa riga.

"Idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Karanta min inda aka haifi wannan san."

Na juya kwalin ta kowane gefe. Akwai nauyi, akwai kwanan wata, akwai lamba mai tsawo.

"Ba a rubuta ba," na ce.

"Ba a rubuta ba," ta ce. "Kuma babu wanda zai hau doki mil shida ya je ya leƙa kunnensa. Kai shi ciki, Merle, yara na fitowa ƙarfe sha biyu."